Sayen babur na hannu a Mandera da kewaye: abin da doka ke tambaya kafin a miƙa kuɗi

A Mandera, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Shagari a Jihar Sakkwato, da sauran ƙauyukan da ke tsakaninta da Boɗinga, babur shi ne abin hawan da ake dogaro da shi. Da shi ake kai mara lafiya asibiti, da shi ake fitar da buhun hatsi zuwa bakin babban titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal da Jega. Matasa da dama kuma da kabu-kabu suke ciyar da gidajensu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, farashin sabon babur irin Bajaj Boxer ya haura naira miliyan ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Saboda haka mafi yawan masu neman mashin, kamar yadda Sakkwatawa suka fi kiransa, na hannu suke nema.

Mai sayen babur na hannu yakan mayar da hankalinsa ga inji da taya da farashi. To amma a yankin arewa maso yamma na yau, abin da ya fi jefa mai saye cikin wahala shi ne asalin babur ɗin: daga hannun wa ya fito, kuma ta yaya ya iso hannun mai sayarwa. Injin da ya lalace bakanike zai gyara shi. Babur ɗin da aka gano na sata ne kuwa yakan tafi da kuɗin mai saye, wani lokaci har da 'yancinsa.

Yadda babur ya zama batun tsaro

'Yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato a kan babura suke kai hari, kuma hare-haren sun iso ƙauyukan Tureta da Shagari a 'yan shekarun nan. Suna ƙwace babura a hanya, suna kuma neman sababbi a cikin kuɗin fansa. Har akwai wani samfurin Honda da jama'a suka laƙaba wa suna “Boko Haram” saboda yadda 'yan bindiga ke son sa. Wannan ne ya sa hukumomi suka daɗe suna kallon kasuwar babura da idon zargi.

A watan Mayun 2019 rundunar sojin ƙasa ta hana hawa babura a dazuzzukan jihohi bakwai, ciki har da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya sa hannu a kan dokar da ta hana sayar da babura na hannu a kasuwar Caranci, ta kuma hana goyon mutum uku. A farkon Satumban shekarar Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya fitar da irin wannan doka a Sakkwato, wadda ta taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka a yankunan da ke fama da matsalar. A watan Yulin 2022 Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya bayyana cewa Majalisar Tsaro ta Ƙasa tana duba yiwuwar hana babura a faɗin Najeriya, ko da yake ba a kai ga aiwatar da hakan ba. Maƙwabciyarmu Nijar ma ta hana hawa babura a sassan Tilaberi a farkon 2020.

Ana iya yin muhawara a kan ko waɗannan matakai sun rage hare-hare, domin talaka mai bin doka ne suka fi takurawa, shi kuwa ɗan bindiga yana daji da babur ɗinsa. Amma abin da suka haifar a fili yake: babur marar lamba, marar takarda, a shingen jami'an tsaro, abin tuhuma ne tun kafin mai shi ya buɗe baki. Irin waɗannan dokoki kuma ana sa su ana sassauta su gwargwadon yanayi, don haka ya kamata mai shirin saye ya tambaya a caji ofis na Shagari ko na Boɗinga ko akwai wadda ke aiki a lokacin.

Wanda aka samu abu a hannunsa shi ake tambaya

Mutane da yawa suna ɗauka cewa faɗin “ai saya na yi da kuɗina” ya isa kariya. A gaban doka bai isa ba.

Sashe na 167 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan an sace su, ko dai shi ne ɓarawon, ko kuma ya karɓe su yana sane da na sata ne, sai fa idan ya iya bayyana yadda suka zo hannunsa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne zuciyar maganar. Tsarin Mulki ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, amma a aikace wanda aka kama da babur ɗin shi ne zai yi bayani. Bayanin da ya tsaya a kan “wani mutum a kasuwa” ba ya gamsar da alƙali. Wanda yake gamsarwa shi ne mai suna da adireshi da takarda da shaidu.

Hukuncin ba ƙarami ba ne. Dokar Finalkod da Arewa ta gada tun 1960 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya karɓi kayan sata yana sane, ko kuma yana da dalilin da ya kamata ya sa shi zargin na sata ne. Jihar Sakkwato ta sabunta kundin dokokin laifukanta a 2019, kuma laifin karɓar kayan sata yana nan a ciki. A lura da wannan jimla ta “dalilin da ya kamata ya sa shi zargi”. Ba lallai ne mai gabatar da ƙara ya nuna cewa an gaya maka na sata ne ba. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas, cinikin da aka yi da dare a bayan gari, lambar da aka kankare, mai sayarwar da ya ƙi a rubuta sunansa, duk ana iya kafa hujja da su cewa ka rufe ido ne da gangan. Ruwa ba ya tsami banza, kuma kotu ta san haka.

Idan kuwa da makami aka ƙwace babur ɗin, lamarin ya ƙara muni. Dokar Fashi da Makami ta 1984 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya karɓi abin da aka samo ta hanyar fashi. Sannan tun da Babbar Kotun Tarayya ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a watan Nuwamban 2021, aka kuma yi sabuwar Dokar Yaƙi da Ta'addanci a 2022, sayar musu da babur ko sayen nasu na iya shiga layin taimaka wa ta'addanci.

Ko da an yarda cewa mai saye bai san komai ba, an kuma sake shi, babur ɗin galibi ba ya komawa hannunsa. Ƙa'idar dokar ciniki ita ce wanda bai mallaki abu ba ba ya iya mallaka shi ga wani. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a a Sakkwato ke aiki da shi, ya zo da hukunci mai kama da wannan a babin da malamai ke kira istihƙaƙi: idan mai abu na asali ya tabbatar da nasa ne ta hanyar shaidu, zai karɓi abinsa, shi kuma mai saye ya koma ga wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. Ke nan dokokin biyu sun haɗu a wuri ɗaya. Kuɗinka yana wuyan mai sayarwa, kuma idan ba ka san inda za ka same shi ba, ya tafi ke nan.

Mai sayarwa da dillali

Saboda haka binciken farko a kan mutum ake yin sa. A ƙauye wannan ya fi sauƙi fiye da birni, domin an san juna. Babur ɗin da maƙwabta suka shekara uku suna ganin mutum a kansa ya riga ya zo da shaidarsa. Matsala takan taso ne idan babur ya fito daga nesa, ta hannun baƙo, ko ta hoton da aka gani a Facebook ko WhatsApp aka ce a haɗu a tasha.

A nemi ganin katin shaidar mai sayarwa, na ɗan ƙasa mai lambar NIN ko katin zaɓe, a kuma duba ko sunan ya yi daidai da wanda ke kan takardun babur. A san gidansa, ba wurin zamansa na hira kawai ba. Idan daga wani gari yake, babu laifi a tambayi mai unguwarsu ko hakiminsu. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, domin shi ma kariya ce gare shi.

Dillali yana da amfani, musamman wanda ke da rumfa sananniya kuma yake ƙarƙashin shugaban dillalai a kasuwa. Amma a tuna cewa la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa, don haka maganarsa ba ta zama shaida a kan asalin kaya. Dillalin ƙwarai zai haɗa ka da mai babur ido da ido, ya kuma yarda ya sa hannu a takardar ciniki. Wanda ya ce mai shi ya yi tafiya, ko ba ya son a san shi ne ke sayarwa, a bar masa kayansa.

Takardun da za a nema

Takarda ta farko ita ce rasit na asali daga shagon da aka sayi babur ɗin sabo, mai ɗauke da sunan shago da kwanan wata da lambar inji da lambar shasi. Idan babur ya ratsa hannuwa biyu ko uku, kowane sauyin hannu ya kamata ya bar takardarsa, ta yadda za a iya bin sawu daga shago har zuwa mai sayarwa na yau. Inda aka samu giɓi, a nan ake tsayawa a yi tambaya. Rasit kuwa abu ne da kowace maɗaba'a ke iya bugawa, shi ya sa idan shagon yana Sakkwato ko Jega ya fi kyau a je ko a buga waya a tabbatar suna da wannan lamba a littafinsu.

Idan babur ɗin yana da rajista, za a nemi takardar shaidar mallaka, da takardar da aka ba da lamba da ita, da lasisin abin hawa, da takardar inshora. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ita ke buga lambobi, ofishin lasisi na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha kuma shi ke bayarwa. FRSC tana da shafin intanet, nvis.frsc.gov.ng, inda ake shigar da lamba a ga ko tana cikin rajista da kuma irin abin hawan da aka yi wa ita. Idan lambar da ke jikin Boxer ta fito da sunan wani samfuri daban, an gama magana. Ita ma inshora ana tantance ta a rumbun bayanan kamfanonin inshora ta hanyar danna *565*11# a waya.

Sau da yawa mai sayarwa zai ce takardu sun ɓace, ko gara ta ci, ko sun ƙone. Hakan na faruwa da gaske. Hanyar da aka saba bi ita ce ya kai rahoto ga 'yan sanda a ba shi takarda, sannan ya yi rantsuwa a kotu. Sai dai a fahimci iyakar wannan takardar rantsuwa: maganar mai sayarwa ce kawai aka buga wa hatimi, kotu ba ta binciki babur ɗin ba. Amfaninta shi ne ta ɗaure shi da sunansa da hotonsa, kuma rantsuwar ƙarya laifi ce. Don haka shi ne zai je ya yi ta da kansa, da sunansa, kafin ciniki. Kada mai saye ya yarda a ce ya je ya yi rantsuwar ɓatan takardar da bai taɓa riƙewa ba.

Akwai kuma baburan da ke shigowa daga Nijar ta Illela da Birnin Ƙonni ko ta ɓarauniyar hanya. Wanda ke ɗauke da lambar Nijar ko takardun Faransanci yana buƙatar shaidar biyan kuɗin kwastan kafin a yi masa rajista a Najeriya. In babu ita, jami'an kwastan na da ikon kama shi ko a hannun wa suka same shi.

Lambobi biyu da ke jikin ƙarfe

Takarda ba ta da amfani sai ta yi daidai da ƙarfen da take magana a kai. Kowane babur yana da lambobi biyu da kamfani ya buga. Lambar shasi tana jikin firam, galibi a wuyan babur, ƙasa da kai, inda ake gani idan an karkata kan gefe. Lambar inji kuma tana jikin inji ta ƙasa, yawanci ta ɓangaren da ake taka giya.

A baburan zamani lambar shasi haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma tsarin ƙasa da ƙasa bai yarda a sa haruffan I da O da Q a cikinta ba, don kada su rikice da 1 da 0. Haruffan farko suna nuna ƙasa da kamfani: na Bajaj galibi da MD2 suke farawa, na TVS da MD6, waɗanda aka ƙera a Chaina kuma da harafin L. Wannan ɗan sani kaɗai yana iya tona asirin lambar da aka ƙirƙira.

A wanke wurin da ɗan fetur a tsumma, a duba da rana. Bugun kamfani yana da zurfi iri ɗaya, haruffan a jere suke, tazararsu daidai. Wanda aka sake bugawa da hannu yakan karkace, wani harafi ya fi wani zurfi. A shafa da yatsa: idan wurin ya lotsa, ko ya yi santsi fiye da kewayensa, ko akwai sabon fenti ko alamar walda a daidai nan kaɗai, to an taɓa shi. Babur ɗin da aka kankare wa lamba ba a sayen sa ko nawa aka rage, domin babu wani bayani da zai wanke wanda aka same shi da shi.

Sauya inji abu ne da 'yan kabu-kabu ke yi idan tsohon ya gaji, kuma ba laifi ba ne. Amma idan lambar inji ta saɓa wa ta takarda, sai a kawo rasit ɗin sabon injin, a kuma rubuta hakan a takardar ciniki. A duba makulli ma. A yawancin babura makulli ɗaya ne ke tayar da inji ya kuma buɗe tanki. Idan mazaunin makullin sabo ne fil a jikin tsohon babur, ko an ga alamar an fasa shi, a tambayi dalili.

A ɗauki hoton lambobin biyu da waya, sannan a kai su caji ofis a tambaya ko an kawo rahoton satar babur mai irin su. Rundunar 'yan sanda tana da rajistar ababen hawa ta intanet da ake kira e-CMR, inda ake shigar da rahoton waɗanda aka sace. Rashin ganin lamba a can ba ya nufin babur ya tsarkaka, domin yawancin waɗanda ake yi wa ƙwace a ƙauyuka ba su taɓa rubuta lambar shasinsu ba, balle su kai ta. Duk da haka zuwan naka shaida ce cewa ka yi bincike, kuma tana da nauyi idan magana ta taso daga baya.

Baburan da ba na sata ba, kuma ba na mai sayarwa ba

Wannan rukuni ya fi yawa fiye da yadda ake zato, kuma yakan jawo ƙararraki a kotunan shari'a na ƙananan hukumomi tsakanin mutanen da suka san juna.

Akwai babur ɗin biya sannu-sannu, wanda mai kuɗi ko kamfani ko ƙungiya ke bai wa matashi yana kawo balas har ya gama biya. Kafin biya na ƙarshe babur ɗin na mai bayarwa ne, ko da matashin ya shekara yana hawa. Alamar da ake gane shi ita ce takardun asali ba sa hannun mahayin, sai kwafi. Wasu kamfanonin ma suna sa na'urar bin sawu a jiki, su zo su ɗauke abinsu duk inda yake. Shugabannin ƙungiyar 'yan kabu-kabu na tasha sukan san wane babur ne aka gama biya, wane ne da saura.

Akwai na jingina, wanda aka ajiye a hannun mai bin bashi. Akwai na gado da ba a raba ba, wanda ɗaya daga cikin magada ya fitar ba da yawun sauran ba. Akwai na mace da ta saya ta bai wa ƙane ko miji ya yi haya da shi, shi kuma ya kai kasuwa. Sai kuma baburan siyasa. Duk kakar zaɓe ana raba babura da sunan tallafi, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawansu ba sa kwana bakwai kafin su isa hannun dillalai. Wanda aka bai wa kyauta yana da ikon sayar da abinsa, amma a nemi takardar rabon, domin wasu shirye-shiryen bashi ne, wasu baburan kuma na aiki ne da aka bai wa ma'aikatan lafiya ko malaman gona ko jami'an sa-kai. Waɗannan dukiyar gwamnati ce ko da an goge rubutun da ke jikin tanki.

Lafiyar babur

A nan shawara ɗaya ta fi sauran: a je da bakaniken da mai saye ya zaɓa, ba wanda dillali ya kawo ba. A taɓa inji kafin a tayar, domin wanda aka ɗumama tun kafin zuwanka yana ɓoye wahalar tashi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa alama ce ta inji na shan baƙin mai, wato fistan da ringi sun gaji. A zaro ma'aunin baƙin mai a duba, saboda wasu na zuba mai kauri don ya danne ƙarar inji. A hau a bi hanyar burji, a shiga kowace giya, a gwada birki gaba da baya, a lura ko babur yana janyewa gefe ɗaya, wanda ke nuna firam ya taɓa lanƙwasa a haɗari. Taya da sarƙa da batir abubuwa ne da ake sauyawa, sai dai a cire kuɗinsu daga farashi. Firam mai walda kuwa haɗari ne ga rai, musamman ga mai ɗaukar kaya.

Fiƙihu ya bai wa mai saye damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Amma aibin da aka nuna masa ya yarda, ba ya dawowa a kansa. Shi ya sa ya fi kyau a rubuta duk aibin da aka sani.

Takardar ciniki da biyan kuɗi

Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki, don haka babu wanda zai ce neman a rubuta rashin yarda ne. Takardar ba ta buƙatar lauya, kuma ana iya yin ta da Hausa, da boko ko da ajami. Abin da ba za a bari ba shi ne cikakken suna da adireshi da lambar waya da lambar katin shaida na mai sayarwa da mai saye, samfurin babur da launinsa, lambar shasi da ta inji da ta rajista, farashi da alƙalami da kuma kalmomi, da kwanan wata har da lokaci. A ƙara jimlar da mai sayarwa ke tabbatar da cewa babur nasa ne, babu bashi ko jingina a kansa, kuma zai mayar da kuɗi idan wani ya fito ya tabbatar da haƙƙinsa. Shaidu biyu baligai su sa hannu, ɗaya daga kowane ɓangare, dillali ya zama na uku. Idan mai unguwa ko hakimi ya sa hatiminsa, ya ƙara ƙarfi. A yi kwafi biyu, a kuma ɗauki hoton mai sayarwa tsaye kusa da babur ɗin.

Biya ta banki ya fi tsabar kuɗi, domin yana barin sawu. Amma a tura zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa, ba na mai POS ko na wani ɗan'uwa ba. Kada a ba da kafin alƙalami a kan babur ɗin da ba a gani ba. Shi kuma mai sayarwa kada ya saki makulli don ya ga saƙon shigar kuɗi a waya, sai ya duba asusunsa ya ga sun zauna, saboda saƙon bogi ya yawaita.

Bayan an karɓi makulli

Ciniki bai kammala ba sai an sauya sunan mai mallaka a ofishin lasisi. Wannan mataki ne da akasarin mutane ke tsallakewa, kuma yana cutar da ɓangarorin biyu. Mai saye yana yawo da takardun wani, shi kuma mai sayarwa sunansa ne zai fito idan aka yi laifi da babur ɗin shekara biyu bayan ya rabu da shi. Ana zuwa da takardar ciniki da tsofaffin takardu da katin shaida, jami'an VIO su duba babur, a biya kuɗi a karɓi rasit na gwamnati. 'Yan ka-yi-na-yi da ke tsaye a ƙofar irin waɗannan ofisoshi su ne tushen yawancin lambobin bogi. Lambar abin hawa na kai tana da rubutu shuɗi, ta haya kuma ja, don haka mai niyyar kabu-kabu ya faɗa tun farko.

Mahayi yana buƙatar lasisin tuƙi rukunin A, wanda ba a bai wa wanda bai kai shekara 18 ba. Inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna wajibi ce. A farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sanya daga Janairun 2023, ta babur naira 3,000 ce a shekara, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har ta naira miliyan ɗaya. 'Yan sanda sun fara tilasta ta a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairu, 2025. Hular kwano ma doka ce da aka fara tilastawa tun Janairun 2009, ko da yake kowa ya ga yadda ake bin ta a hanyar Shagari.

Gaskiya ne cewa tsarin bai sauƙaƙa wa mutumin karkara ba. Wanda ke Mandera zai bar gonarsa, ya ƙona mai, ya bi layi, kafin ya samu takardar da gwamnati ke cewa don tsaron kowa aka yi ta. Idan da gaske hukumomi na son sanin baburan da ke yawo a jiha, kai rajista kasuwannin mako da sakatariyar ƙananan hukumomi a farashi mai sauƙi zai fi shingen hanya amfani. Wannan buƙata ce da ta dace matasa su gabatar wa kansilolinsu da 'yan majalisar jiha.

Idan wani ya fito ya ce nasa ne

Kada a ɓoye babur, kada a sayar da shi, kada a wargaza shi a sayar da kayan, domin kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana mayar da mai saye na gaskiya abokin laifi. A je caji ofis da takardar ciniki da shaidu, a nuna inda mai sayarwa yake. A miƙa kwafi, a riƙe na asali, kuma idan 'yan sanda suka karɓi babur a nemi a rubuta cewa sun karɓa.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta bai wa wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya, ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, ta kuma hana kama mutum saboda rikicin ciniki ko bashi kawai. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu. Beli a caji ofis kyauta ne a doka. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda ke da ofis a Sakkwato. Neman kuɗin da aka biya kuwa ƙara ce ta daban da ake shigarwa a kan mai sayarwa, a kotun shari'a ko ta majistare, kuma takardar ciniki da shaidun da suka sa hannu su ne za a fara nema a ranar zaman farko.